Wai dole ne sai hukuma ta buga wa sikelina hatimi kafin in sayar da kifi a kilo?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara don tun safe raina ba daɗi. Wata uku kenan da fara sayar da kaza da kifin firiza a ɗan shagon da maigida ya gyara min a ƙofar gida, a kilo nake sayarwa, sikelin kuma irin ɗan ƙaramin nan ne mai batir da na saya tun lokacin da nake yin kek. Yau wani dattijo ya sayi kifi kilo biyu, bai fi rabin awa ba sai ga shi ya dawo wai ya ɗora a wani sikelin ya ga babu giram 150, na ce Baba wallahi abin da ya nuna min shi na ba ka, sai ya ɗaga sikelin ya kifa shi ya nuna min wani ɗan rubutun Turanci a ƙasa da ban taɓa lura da shi ba, wai na amfanin gida ne ba a yi shi don ciniki ba, ya ce kuma doka ta hana. Bai yi faɗa ba fa amma a gaban mutane ne, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wai da gaske akwai wannan dokar ko tsorata ni ya yi?

Sani Kaji: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, wace doka kuma? Shekara tara ina sayar da kaji ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce in nuna masa takardar sikeli ba. Ki ƙara masa ɗan gyara ya tafi, shikenan magana ta mutu

Anti Balki: Ni dai ƙanwata kafin a je ga doka, kifin da ƙanƙararsa kika auna? Don kifin firiza in ya yi rabin awa cikin ranar nan ruwa yake zubarwa, giram 150 a kilo biyu ai ba wani abin mamaki ba ne. Ƙila sikelinki lafiyarsa ƙalau

Maman Ikram: Anti da ƙanƙararsa na auna gaskiya, haka na ga kowa yana yi

Barista: Maman Ikram dattijon nan bai yi miki ƙarya ba. Akwai dokar awo da ma'aunai ta tarayya tun 1974, a kundin dokokin 2004 ita ce Cap W3, kuma wanda ke aiwatar da ita sashe ne a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya, a allon ofis ɗinsu za ki ga an rubuta Weights and Measures, suna da ofisoshi a jihohi. Abin da dokar ta ce a taƙaice, duk ma'aunin da za a yanke wa mutum kuɗi da abin da ya nuna, sai jami'insu ya gwada shi ya tabbatar ya dace ya sa masa hatimi, kuma ba sau ɗaya ba ne har abada, ana dawowa a sake gwadawa. Amfani da sikelin da ba daidai ba a wajen ciniki laifi ne, ba wa mutum ƙasa da abin da ya biya laifi ne, taɓa hatimin ko ƙirƙirar na bogi shi ma laifi ne, kuma jami'in yana da ikon shiga shago ya duba har ya ƙwace sikelin. Malam Sani rashin zuwansu wajenka bai goge dokar ba

Sani Kaji: Barista da girmanka, amma mu da ke kasuwa mun san yadda abin yake. Yau wannan ya zo da rasit, gobe wancan ya zo da nasa kala daban, kuɗin shara kuɗin allo kuɗin inuwa, yanzu kuma kana so baiwar Allah ta je da ƙafarta ta kai kanta a ƙara mata wani? Mace mai firiza ɗaya fa muke magana ba kamfanin siminti ba. Wanda zai cuci mutane ko hatimi goma aka manna masa sai ya cuta, wanda ke tsoron Allah kuma ko da kwano yake awo ba zai tauye ba

Barista: Ban musa maka batun yawan rasit ba, wannan ciwon kowa ne. Amma awo ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, kundin tsarin mulki ya sa shi cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda kilo a Kano ya zama shi ne kilo a Fatakwal. Don haka ma sanin dokar kariya ce gare ka, in wani ya faɗo shagonka yana cewa kuɗin sikeli sai ka ce ya nuna katinsa ya faɗi daga ina yake

Injiniya Mai Sikeli: Sallama jama'a, gyaran sikeli ne sana'ata bari in sa baki. Malam Sani maganarka ta tsoron Allah gaskiya ce amma ta tsallake wani abu, ita Maman Ikram ai tana tsoron Allahn, ba ta yi niyyar cutar kowa ba, matsalar ita kanta ba ta san ko sikelin yana faɗin gaskiya ba. Tsoron Allah ba ya saita sikeli, duwatsun gwaji ne ke saita shi, wato ƙarafa masu sanannen nauyi da ake ɗorawa a ga ko sikeli ya faɗi daidai.

Bambancin na kicin da na ciniki ba wai tsada kawai ba ce. Na ciniki tun daga kamfani ana kai samfurinsa a gwada shi cikin zafi da sanyi, da batir mai rauni, a ɗora kaya a tsakiya a ɗora a kowace kusurwa, a ɗora a sauke a sake ɗorawa a ga ko zai riƙa maimaita lamba ɗaya, in ya ci wannan jarrabawar ne ake amincewa da irinsa. Sannan wurin da ake shiga a canza saitinsa a rufe yake da dalma ko sitika mai yagewa, ba yadda za ka taɓa ba a gane ba. Na kicin kuwa danna maɓalli biyu kawai yaro ma zai iya birkita shi.

Hajiya in za ki saya ki duba ɗan allon da ke jikinsa kusa da inda lamba ke fitowa. Za ki ga lambar Rum III a cikin ɗan zobe mai kamar ƙwai, wannan shi ne ajin sikelin shago a ƙa'idar duniya ta OIML R76. Za ki ga Max wato iyakar abin da zai ɗauka, Min wato mafi ƙarancin abin da ya halatta a sayar a kansa, sai ƙaramin harafin e wato takun da ake yi masa hukunci da shi. Misali mai Max kilo 15, e giram 5, Min ɗinsa giram 100 ne. Mai kilo 30 da e giram 10 Min ɗinsa giram 200. Da lambar siriyal. In babu waɗannan ki ajiye musu kayansu ko da sun rantse

Maman Ikram: Injiniya Allah ya saka da alheri, na je na duba nawa yanzun nan babu ko ɗaya, 5kg kawai aka rubuta da hoton tumatir 😭

Hajiya Mai Gwal: 😂😂 hoton tumatir. Mu dai a harkar gwal ba a wasa da wannan, namu aji na II ne mai nuna har ɗigon giram, ko fanka sai an kashe kafin a auna don iska kaɗai tana motsa lambar. Kuma a gaban mai kaya ake ɗorawa tana kallo, in ba haka ba gobe ba za ki sake ganinta ba

Sani Kaji: To Injiniya tsakaninka da Allah, shi mai hatimin ba ya kuskure ne? Na sha ganin manyan sikeli masu tsada biyu a jere kowa da abin da yake faɗa

Injiniya Mai Sikeli: Yana yi mana, babu sikelin da ba ya kuskure, amma shi an yanka masa iyakar da ba zai wuce ba. Ɗauki mai kilo 30 ɗin nan da e giram 10, ranar da ake tantance shi sabo, daga sifiri zuwa kilo 5 ba a yarda ya kauce fiye da giram 5 ba, daga nan zuwa kilo 20 giram 10, sama da haka giram 15. In yana cikin aiki ana ɗaga masa ƙafa zuwa ninki biyu na wannan. To ka ga a kilo biyun dattijon nan giram 10 ne iyakar uzurinsa, ba 150 ba. Shi ya sa in biyu masu hatimi suka saɓa, saɓanin bai kai a ɗaga murya ba

Baban Gas: Ni kam dole na goyi bayan Injiniya don mu masu gas mun ga ta kanmu. Kullum faɗa da kwastoma, wai na sa kilo 12.5 sati biyu ya ƙare kun cuce ni. Abin da ya kashe min wannan fitinar shi ne na juya fuskar sikelin tana kallon mai saye, in nuna masa sifiri kafin a ɗora, a auna tukunyar ba komai a ciki ya gani da idonsa, a cika a sake aunawa ya yi lissafin da kansa. Nauyin tukunyar ma a rubuce yake a jikinta yawancin mutane ba sa dubawa. Sannan na sayi dutsen gwaji na kilo 5 da na kilo 10 na ajiye, duk safiya kafin a fara aiki yarona sai ya ɗora. Wallahi tun daga nan har daga wata unguwar ake tsallako masu gas biyu a zo wajena

Ummu Sultan: Ni a nawa ganin ba sai an wahala ba, ki ɗora fiya wata guda biyu, in ya nuna kilo ɗaya toh daidai yake. Haka mijina ya koya min

Injiniya Mai Sikeli: Ummu Sultan lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce kam kusan cif, amma wa ya ce miki ledar fiya wata tana cika rabin lita? Ki auna guda biyar na kamfani ɗaya ki ga ikon Allah. Kin ga kenan kin gwada abin da kike shakka da wani abin da ya fi shi shakka. Zai iya nuna miki in sikelin ya haukace gaba ɗaya, amma giram 30 ko 40 ba zai kama ba, kuma nan ne kuɗin yake. Mu ce kilo naira 5,000, giram 40 naira 200 kenan, kwastoma talatin a rana naira 6,000, ki lissafa wata. Kuma fa ba lallai kwastoma ake cuta ba, na sha gyara sikelin da mai shagon ne yake ta kyauta wata da watanni bai sani ba yana ta neman wanda ya yi masa asiri

Malam Na Zaure: Bismillah. 'Yata Maman Ikram, abin da ya wuce kafin ki sani Allah ba ya kama bawa da gangancin da bai yi ba, amma yanzu kin sani. Sura guda Allah ya saukar da ta buɗe da azaba ga masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa sai sun cika, in za su auna wa mutane sai su rage, kuma mutanen Annabi Shu'aibu da wannan laifin aka ambace su. Annabi SAW ya ce wa mai awo ka auna ka rinjayar. Sani ɗana, kai kuma da kake raba tsoron Allah da binciken hukuma, ai a Musulunci ba a raba su ba, duba mudu da sikeli a kasuwa yana cikin tsofaffin ayyukan muhtasibi, wato jami'in hisba mai kula da kasuwa, a littattafan hisba. Ba Bature ne ya kawo mana ba

Sani Kaji: Allah ya gafarta Malam na karɓa. Amma dai a fara da manya, masu buhun da aka rubuta kilo 50 ka auna ka ga ba haka ba, da masu bugaggen mudu a kasuwar hatsi, da 'yan gwangwan masu sikelin rataye da allurarsa ta gaji tun zamanin soja. Kullum ƙaramin ake gani

Barista: Dokar ta hau kansu su ma Malam Sani, har famfon gidan mai da babban sikelin da tirela ke hawa duk ma'aunan ciniki ne. Kuma mai saye da aka tauye yana iya kai ƙara FCCPC, hukumar kare masu saye da dokar 2018 ta kafa. Cewa wani ya fi ni laifi dai ba ta taɓa fitar da kowa a kotu ba

Yaya Habu Ingila: Ina ta karantawa ina dariya don nan inda muke abin ya wuce wasa. Mahaucin da nake sayen nama wajensa sikelinsa da alamomin tantancewa a jiki, kuma jami'an Trading Standards, masu kula da awo da ƙa'idar ciniki, suna iya shigowa ba sanarwa, wani lokacin ma su saya kamar kwastoma su je su auna. Akwai wani mai kayan marmari a Sunderland da kotu ta kama da laifi a 2001 saboda ya sayar da ayaba da sikelin da laba kawai yake nunawa babu kilo, ba ma tauyewa ya yi ba fa, har ƙasar ta ɗauka ana ta cece-kuce. Amurka kuma nasu tsarin tantance sikelin NTEP ake ce masa, sai sikeli yana da lambar shaidarsu sannan jami'in jiha ko gunduma ya zo ya manna sitika

Injiniya Mai Sikeli: Yaya Habu ka tuna min abu biyu. Na ɗaya laba, yawancin ƙananan sikelin nan suna da maɓallin juyawa daga kilo zuwa laba, laba ɗaya kuwa giram 454 ce bai kai rabin kilo ba, mugun mai shago sai ya bar shi a kan lb wato laba ka ga 2.0 ka ɗauka kilo biyu ne alhali ko kilo ɗaya bai cika ba. Ku riƙa duba ɗan rubutun gefen lambar. Na biyu masu cewa ai nawa daga Turai aka kawo da hatiminsa, sikelin lantarki ƙarfin jan ƙasa yake ji, kuma jan ƙasar Ingila ya ɗan fi na nan, wanda aka saita can in ya zo Kano zai riƙa rage kusan giram 3 a kowane kilo, mai shago ne ma ke asara. Shi ya sa tantancewar da ta fi ita ce wadda aka yi a inda sikelin zai zauna. Tsohon mai kwano biyu da duwatsu shi wannan bai dame shi ba

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar nama da kilo muka saba saye wajen mahauta, kuma akwai hukumar ANMC mai kula da awo. Amma hatsi har gobe tiya ce, tiyar wani ma ta fi ta wani 😅

Anti Balki: Kowa ya bi sikeli an manta da maganata ta ƙanƙara. Barista in sikelin daidai ne amma ruwa mutum ya saya fa?

Barista: Anti kin kama wuri mai kyau. Kifi ya ce a ba shi kilo biyu, ba kifi da ƙanƙara da leda ba, abin da ake biya nauyin kayan ne zalla. In da roba ko tire ake ɗorawa a fara ɗora shi a danna maɓallin da aka rubuta Tare da Turanci ya koma sifiri. Ƙanƙarar da ta daskare a jiki a kakkaɓe, wadda ba ta kakkaɓuwa a faɗa wa mai saye tun kafin ya biya

Sani Kaji: Tab, toh mu ma ai da ƙanƙarar muke sayowa a kwali, wa zai biya mu namu?

Baban Gas: Ka sa a farashi mana Sani, ka ce kilona ya fi na maƙwabci da ɗari biyu amma kifi ne ba ruwa ba. Masu hankali za su gane

Sani Kaji: Masu hankalin su nawa ne a layinmu, kowa arha yake bi 😂 Allah dai ya rufa asiri

Maman Ikram: Jama'a ga yadda aka yi. Da la'asar maigida ya kai sikelin wajen wani mai gyara da ke da duwatsun gwaji, an ɗora na kilo ɗaya a tsakiya ya nuna 1.01, aka matsar da shi gefe ya koma 1.04, aka ɗora kilo biyu sau uku kowane ɗorawa da lambarsa, mutumin ya ce batirin ma ya yi sanyi. Kenan Anti Balki da Injiniya duk kun yi gaskiya, rabi sikeli rabi ƙanƙara. Na mayar da shi kicin wajen fulawa inda ya fito. Gobe in sha Allah za mu shiga kasuwa neman mai III ɗin nan mai fuska biyu, ɗaya tana kallona ɗaya tana kallon mai saye, daga nan maigida ya ce zai nemi ofis ɗin da Barista ya faɗa ya ji yadda ake kawo shi a tantance. Dattijon kuma na aika Ikram gidansa da kifi biyu, ya dawo da ɗaya wai ɗaya ne haƙƙinsa

Injiniya Mai Sikeli: Madalla. In kin kawo shi kar ki ɗora a kan firiza, girgizar injin tana rawa da lambar, ki samu tebur mai ƙarfi ki juya ƙafafunsa har ɗan kumfan da ke jikinsa mai nuna ko ya zauna daidai ya tsaya a tsakiyar zobe. Ki karɓi rasit mai lambar siriyal, kuma ki tambaye su ko cajarsa tana ciki don wasu sai an je gida a ga babu

Sani Kaji: Hajiya in kin samo ki turo min hoto da farashin ta inbox, ba wai zan saya ba ne fa, gani kawai zan yi

Baban Gas: Sani kawo naka gobe da safe kafin layi ya taru mu ɗora masa dutsen kilo 5